Gawon Hamma Sambo

Bazarar nan da muke ciki ta cika shekara ashirin da biyu da rasuwar yayana, Hamma Sambo. Mu a gidanmu Fulani ne, wa shi ake kira Hamma, kuma tunda na buɗi baki ban taɓa kiransa da wani suna ba. Kowace shekara sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro, in juya shi, in mayar aljihu. Dalili kuwa guda ne, babu yadda zan ba da labarin mutumin nan ban tona wa kaina asiri ba. To bana gemu ya yi fari fat, gwiwa ta fara ƙara, na ga idan ban faɗa ba zan tafi da shi a ciki.

'Yata Zainabu ce ta tayar mini da tsohon miki, ba da saninta ba. Karatun muhalli ta yi a jami'a, kuma Allah ya yi ta da baki irin na uwarta. Wata la'asar muna zaune a barandar gidana a unguwar Limawa, nan Dutse, an ɗauke wuta, zafi kamar a gasa mutum, janaretocin maƙwabta sun cika unguwa da ƙara da wari. Na ce mata, ke da kika yi karatun, wai me ya sami garin nan, da muna yara ba haka rana take ba. Sai ta gyara zama. Ta ce hayaƙin da ƙasar nan ke turawa sama, wanda ke tare zafi ya hana shi fita, tun shekarun casa'in yake ta ƙaruwa. Ta shiga lissafo mini inda yake fitowa: motoci da babura, janaretoci irin waɗannan, iskar gas da ake ƙonawa a banza a wuraren haƙar mai can kudu, fadamun shinkafa, har da gyatsar shanu. Ta ce amma mu nan arewa babban namu shi ne itace. Mu sare, mu ƙona, hayaƙi ya tashi, sannan bishiyar da ya kamata ta shanye hayaƙin ita ma ba ta nan. Ta ce, "Baba, asara biyu ke nan a sara ɗaya."

Na ce mata to, na ji. Na tashi na shiga ɗaki kamar zan yi alwala. Ita ba ta san cewa ubanta na cikin waɗanda take karantawa a littafi ba.

Rugarmu tana gabas da Aujara. Kakanmu ne ya kafa ta, ya daina yawo, ya haɗa noma da kiwo. Abin da aka san gonar gidanmu da shi shi ne gawo. Wanda bai san gawo ba, itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa. Da damina yakan zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani kuma, lokacin da ko'ina ya bushe, shi sai ya yi kore shar. A lokacin ne makiyayi ke hawa da barandaminsa ya sassaro wa shanu rassa, su kuma 'ya'yansa in sun zubo dabba ba ta da abincin da ya fi su. Reshe ake sara, gindi kuwa ba a taɓa shi. Kuma ba a shuka gawo da hannu a wurinmu. Saniya ce ke cin 'ya'yan, ƙwayar ta bi ta cikinta ta fito a kashi, ruwa ya sauka ta tsiro.

Gidanmu na da wata al'ada da ban gan ta a wani gida ba. Duk yaron da aka haifa, ubansa zai zaga gona ya nemi ɗan tsiron gawo, ya kewaye shi da ƙaya don kada awaki su cinye, a riƙa kiransa da sunan yaron. Akwai gawon Sambo, akwai gawon Buba, wato ni, akwai na 'yan uwanmu mata. Kuma in mutum ya rasu, daga gawonsa ake saro 'yan itatuwan nan da ake jerawa a kan kabari kafin a zuba ƙasa. Haka aka yi wa kakanmu. Haka muka yi wa Baffanmu, wato mahaifinmu, ni na riƙe igiya Hamma ya hau.

Hamma ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Shi aka bari da sanda, ni aka kai boko. Dogo ne siriri, ba ya son magana, in ka yi masa doguwar hira sai ya ce "to" ya ci gaba da murza igiyarsa. Amma yana da tsokana a ɓoye. Da na fara sa wando da kwat yakan dube ni ya ce, "Buba, yau kuma wace saniya ce ta haifi bature?" Shi ya sayar da bijiminsa ya saya mini keken da na yi makaranta da shi, bai taɓa ambatawa ba ko sau ɗaya.

Da aka ƙirƙiro jiha aka ce Dutse ce hedikwata, ina cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Kano. Wanda bai ga Dutse a lokacin ba ba zai gane ba. Gari ne ɗan ƙarami a gindin duwatsu, sai ga jama'a an juye masa rana ɗaya, babu gidajen kwana, babu wurin cin abinci, mutane na kwana a ofis. Kowa da safe shayi da burodi yake nema, burodin kuma sai an kawo daga nesa. Ni kuwa ido ya buɗe. Na haɗa 'yan kuɗina na gina gidan burodi a unguwar Yalwawa. Kasuwa ta karɓa fiye da yadda na zata.

Abin da ban lissafa ba shi ne cikin tanda. Kai, tandar burodi ba ta ƙoshi! Kullum sai ta ci itace, kuma ba ƙirare ba, manyan gungume. Da fari daga bayan gari ake kawo mana a jaki. Kafin shekara biyar masu jakin sun ce babu, sai a mota daga nesa. Gidajen burodi sun ƙaru, masu tuwo sun ƙaru, masu gawayi sun shigo. Duk wanda ya bi hanyar Dutse zuwa Jahun a shekarun nan ya ga yadda daji ke ja da baya kamar gashin kan tsoho. Muna gani, muna cewa ci gaba ne ya zo.

Baffanmu ya rasu a tsakiyar shekarun nan, gona ta zauna a hannun Hamma ba a raba ba, kamar yadda aka saba. Ni kuwa duk zuwan da zan yi gida ba gero nake kallo ba, gawo nake ƙirgawa. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, ko'ina maganar haƙƙi ake yi, a masallaci, a rediyo, a teburin mai shayi. Sai na sami abin fakewa. Na je na ce wa Hamma barin gado ba a raba ba zalunci ne, a ba kowa nasa. Maganar gaskiya ce, amma wallahi ba don Allah na faɗe ta ba. Hamma ya dube ni ya ce to. Aka kira malami ya raba tsakani da Allah, mata suka sami nasu, ba ni da abin cewa a kan rabon. Ɓangaren yamma ya faɗo mini, inda gawo ya fi yawa. Nawa yana ciki. Na Hamma ma yana ciki, shi ne mafi girma a gonar, mutum biyu ba sa kewaye shi da hannu.

Ana gama girbi na kawo masu injin yanka. Da nawa na fara, ina cewa ai ni da abina. Hamma yana tsaye da sandarsa a wuya, ya rataya hannuwa a kanta, yana kallo har aka kayar da guda huɗu. Da yamma ya same ni a gindin mota.

Ya ce, "Buba, ƙasa taka ce, abin da ke kanta naka ne. Abu ɗaya nake roƙo. Ka bar mini nawa. Da shi za a rufe ni."

Na yi dariya, na ce, "Haba Hamma, wa zai taɓa naka? Ko ganyensa ba za a tsinka ba."

Ya ce, "Ka faɗa?"

Na ce na faɗa.

Da rani ya yi nisa ya kora garke ya gangara kudu neman ciyawa, kamar kowace shekara. Ni kuma na ci gaba da aika mota. A tsakiyar bazara na zo da kaina kwasar na ƙarshe. Aka loda, aka loda, mota ta tsaya a rabi. Direban ya share gumi ya ce, "Alhaji, da wannan rabin za mu koma Dutse? Ga wancan ƙaton shi kaɗai zai cika ta har ya rage." Ina so in ce ya matsa mini, ko in ce ba na wurin, ko in ce kuskure aka yi. Babu ko ɗaya. Na dubi gawon, ya yi kore shi kaɗai a fili, tsofaffin shanu biyu na tatsa da Hamma ya bari a gida suna kwance a inuwarsa. Na ce a raina, mutum da lafiyarsa yana maganar kabari, kafin lokacin ai wani ya girma. Na ce a kori shanun. Na ce a yanka.

Matar Hamma, Adda Hajo, ta fito bakin shinge da ƙwarya a hannu ta tsaya. Ni kuwa ban dubi wajenta ba. Da gawon ya faɗi sai da ƙasa ta girgiza a ƙafata.

Abin takaicin, gawo ba itacen tanda ba ne. Ba ya riƙe wuta. Da ya bushe aka fara sa shi, mai kula da tandar ya yi ta mita, wai wannan ai kamar kara yake ci. Itacen da ya yi shekara hamsin da wani abu yana tsaye, bai kai mako biyu a Yalwawa ba. Na tsaya a bayan gidan burodin na ga hayaƙinsa yana fita ta bututu, ya bi ta kan duwatsu ya ɓace. Shi ya sa da Zainabu ta ce wai hayaƙin ba ɓacewa yake ba, yana can sama shekara da shekaru, na kasa zama.

Hamma ya dawo da ruwan farko. An ce da ya iso bai shiga gida ba, ya wuce gonar, ya zauna a kan kututturen har rana ta faɗi. Ni kuwa na ƙi zuwa sai bayan wata biyu, na zo da buhun sukari da atamfa, ina ta surutu don kada a sami wurin shiru. Ya karɓe ni, ya sa aka dama mini fura. Da zan tafi ya rako ni, sai ya ce, "Ko reshe ɗaya ba ka rage ba?" Na ce an riga an kai gari. Ya ce to. Da ya zage ni, da ya ɗaga sandar nan ya sauke mini, wallahi da na fi samun sauƙi.

Ranin da ya biyo baya bai tafi kudu ba. Ya haɗa garkensa da na surukinsa aka tafi da su, ya riƙe shanu kaɗan a gida. Labari ya iske ni a Dutse cewa kullum a gonata yake ɗaure su, kuma yana bin gonakin mutane da buhu yana tsintar 'ya'yan gawo yana kawo musu. Na ce tsufa ne. Bayan damina na je da wani mutum da ke son ya karɓi gonar ya sa tarakta ya noma riɗi. Muna isa na ga shanu a ciki, ga kuma 'yan tsibin ƙaya nan da can, an kewaye kamar kwando, sun fi ashirin.

A nan ne na yi abin da ya fi saran ciwo. Shekara goma a Dutse sun koya mini cewa duk wanda ya kafa wani abu a fili, filin yake so. Can haka ake yi, ka kwana biyu ba ka zo ba ka tarar an jera bulo. Sai zuciya ta ɗebe ni. Ni da aka yi wa irin wannan shingen ranar sunana, na tsaya a gabansa ban gane shi ba. Ko leƙawa ban yi ba. Na sa takalmi na shure ɗaya. Na ɗaga murya a gaban baƙo, na ce, "Hamma, an raba gado ko ba a raba ba? In ramuwa kake so ka fito fili ka faɗa. Ka kwashe mini shanunka da ƙayarka!"

Ya sunkuya ya mayar da ƙayar da na shure, a hankali, da hannu, tana sukarsa. Ya miƙe ya ce, "Shanu zan kwashe. Ƙayar ka bar ta, ba ta cin komai." Ya kwance shanun ya tafi. Mai riɗin da ya ga rigimar gida ce sai ya janye. Maganar ƙarshe ke nan tsakanina da ɗan uwana, uwa ɗaya uba ɗaya.

Bazara na shigowa aka aiko cewa ba shi da lafiya, ciwon ƙirji. Na ce sai Juma'a in na tashi daga aiki. Ran Alhamis da hantsi ya cika.

Na iso ana haƙa. Aka yi masa wanka, aka sallace shi, muka ɗauka. A bakin kabari dattijon da ke kula da haƙan, wanda ya san gidanmu tun zamanin kakanmu, ya juyo ya tambaya kamar yadda ya saba, "Ina itacen gawonsa?" Kowa ya sunkuyar da kai. Babu kuma wanda ya dube ni, kuma rashin dubawar nan ta fi mini zagi. Can wani ya ce a je a saro darbejiya a bakin hanya. Muka tsaya da gawa a rana muna jira. Da aka kawo, ni ne ƙaninsa, ni aka miƙa wa. Na durƙusa na jera masa ɗanyen itacen da bai san shi ba, ɗaya bayan ɗaya, ɗacinsa na hannuna. Ban yi kuka a wurin ba. Na ji kamar ban da izinin yi.

Yau in na bi hanyar nan nakan tambayi kaina me Hamma zai ce. Buhunan gawayi jere a bakin titi kamar kayan gwari. Manyan motoci shaƙe da itace suna wucewa, ba ka san dajin da ya rage da ake samo su ba. A garinmu har mai aski sai da janareta. Ruwa kan makara, in ya tashi zuwa kuma ya zo a fusace ya tafi da gona da gida. Na san maganar gyatsar shanu za ta ba shi dariya. Zai ce, saniya tun kaka da kakanni take gyatsa, sai yanzu sama ta ji? Na gwada wa Zainabu wannan, ta ce ai da akwai masu shanyewa, yanzu an sare su. Ina jin da shi da ita da sun fahimci juna, ita da littafinta, shi da sandarsa. Bai san kalmar ɗumamar yanayi ba. Abin da ya sani shi ne reshe ake sara.

Kada mai karatu ya ɗauka na tuba a ranar na rufe gidan burodi. Ban rufe ba. Na ƙara shekara shida ina ƙona itacen gonakin wasu, sai da ciwon ido ya sa na sayar. Wanda ya saya yana nan yana ƙonawa, kuma ni ma da safe burodin nake ci. Ba na zagin matar da ke hura murhu, da me za ta dafa? In ana lissafin hayaƙin ƙasa, ana maganar manyan wurare da manyan mutane, ni dai na san wani ɗan kaso a ciki da sunansa. Na san ranar da ya tashi, na san wanda ya ce a yanka.

Saura abu ɗaya ban faɗa ba. Ranar addu'ar bakwai na je yi wa Adda Hajo sallama. Tana cikin takaba, na tsuguna a bakin ƙofa, ita tana ciki. Na fara kame-kamen neman gafara, ta katse ni.

Ta ce, "Buba, ka je gonarka kafin ka tafi. Ka leƙa cikin ƙayar nan."

Na ce, "Me ke ciki, Adda?"

Ta ce, "Kai ɗan gidan nan ne, kake tambayata? Wadda ka shure, kusa da kututturensa, ita ya fi wahala a kanta. Da tulu yake kai mata ruwa har ya kwanta. Ya ce wannan ta Buba ce. Ya ce yaron nan ya sare nasa da hannunsa, kada ranarsa ta zo a rasa abin rufe shi."

Na je. Na ɗaga ƙayar. Ɗan tsiro ne bai kai gwiwata ba, ganyensa ƙanana, ƙasar gindinsa ta yi ɓawo saboda kwana bakwai da 'yan kai babu mai zuba ruwa. Na duba sauran, kusan kowace akwai tsiro a ciki. Na zaga duka ina neman wadda ya yi wa kansa. Na koma na tambayi Adda, ta ce bai yi ba, ya ce shi nasa lokacin ba zai jira itace ba. A nan kukan ya zo, a tsakiyar gona da rana tsaka, ina rungume da ƙaya.

Goma sha ɗaya suka rayu. Ba a sake sa tarakta a gonar ba, kuma na rubuta na ba 'ya'yana cewa ko bayan raina ba a taɓa gindinsu. Jikokin Hamma ne ke hawa da rani su sassaro wa shanu. Nawa ya fi sauran girma, yanzu sai na ɗaga kai nake ganin ƙarshensa. Makon jiya na ɗauki Zainabu muka je, na zaunar da ita a inuwarsa na faɗa mata duk abin da na rubuta a nan. Sannan na nuna mata reshen da ke fuskantar gabas, mai kauri, miƙaƙƙe, na ce ta gaya wa 'yan uwanta maza wannan za su sara.

Allah ya jiƙan Hamma Sambo, ya sa inuwar da ya bar wa shanu da mutane ta zame masa inuwa a can. Ni zan kwanta a ƙarƙashin itacen da ya yi mini tanadi da tulu a kafaɗa. Shi yana can ƙarƙashin darbejiyar bakin hanya, kuma ni na jera masa ita.